Saƙon da Alhaji Abdulganiyu ya ba surukinsa

Duk wanda ya yi aure a Zongon Wagadugu cikin shekarun nan, katin gayyatarsa ta hannun Tanimu ya bi. Kakansa farken goro ne, mahaifinsa ɗan kasuwar atamfa, shi kuwa lakwal, makarantar boko, aka sa shi, ya fito ya kama aiki a wata maɗaba'a a unguwar Tiendpalogo. Tun yana saurayi yake can har furfura ta fara leƙo gemunsa. Tawada ba ta taɓa fita daga farcensa ba, kuma yana alfahari da hakan.

Sai maɗaba'ar ta rufe.

Matarsa Maijidda kaɗai ya gaya wa. Kullum da safe yakan sa rigar aiki, ya hau moto, wato babur, ya tafi unguwar Cissin ya wuni a shagon wani abokinsa. Akwai biro, wato ofis, na masu neman aiki a bakin unguwa, inda ake ba da shawara, a haɗa mutum da masu ɗaukar ma'aikata. Amma daidai ƙofar biron nan Alhaji Abdulganiyu, mahaifin Maijidda, yake baje huhun goronsa, abokansa kewaye da shi. Wanda duk ya shiga ƙofar, an san abin da ya kai shi.

"Ka shiga mana," in ji Maijidda. "Baba ba zai cinye ka ba."

"Gara ya cinye ni. In wuce ta gaban surukina in shiga layin shomaj, na marasa aikin yi? Da wane ido?"

"To, kunya za mu dafa da miya?"

Haka aka yi ta tafiya, buhun masara yana ramewa, Tanimu yana gaida Alhaji daga nesa, ya durƙusa, ya wuce da sauri kamar mai makara.

Ana nan sai hukuma ta haɗe biron masu neman aiki da wanda ake zuwa tambayar takardun haihuwa, katin shaida da sauran bayanan 'yan ƙasa. Aka kwaso na biyun aka zuba shi cikin ginin farko. Ƙofa ɗaya, benci ɗaya. Mai jego da goyonta, tsoho da sandarsa, ɗalibi da jakarsa, kowa nan yake shiga.

Ba a daɗe ba Alhaji ya tsayar da moton Tanimu da hannu.

"Malam, ka taimake ni. Katin shaidata ya tsufa, ga gwiwa ta ƙi. Shiga nan ka tambayo mini yadda ake sabuntawa." Ya ɗaga murya yadda duk majalisar za ta ji. "Kada ka yi gaggawa. Duk abin da suka tambaye ka, ka amsa."

Tanimu ya shiga, kansa a sama, saƙon suruki ne ya kai shi. Ma'aikaciyar da ya samu sunanta Rasmata. Ta gaishe shi da Mosanci, ya amsa, ta juya Faransanci, ta bayyana masa zancen katin. Ya miƙe zai tafi, ta kira shi Tonton, wato kawu, ta ce:

"Tonton, zauna tukuna. Yanzu duk wanda ya zo muna tambayarsa: aiki fa, lafiya?"

Ya waiga. Ba wanda ke kallonsa. Matar da ke bayansa ma da jaririnta take fama. Ya dubi farcensa, ya ga tawadar ta fita tas. Sai kawai ya koma ya zauna, bakinsa ya buɗe.

Rasmata ta saurara har ƙarshe. Ta ce masu shagunan buga takardu na Zogona, kusa da jami'a, sun daɗe suna neman wanda ya san cikin inji, don nasu kullum a lalace. Ta buga waya a gabansa. Aka ce ya zo gobe a gani.

Da ya fito, ya durƙusa ya zayyana wa Alhaji bayanin kati tiryan-tiryan. Tsohon yana ta gyaɗa kai, yana yayyafa wa goro ruwa.

"Madalla. Iyakar abin da aka yi ke nan?"

"Akwai... wata 'yar magana kuma, Baba. Sun ce in je Zogona gobe."

"To, Allah ya sa a dace." Ya zaɓi farin goro babba ya miƙa masa, bai ɗago ido ba.

Da Tanimu ya ba Maijidda labari, dariya ta kama ta har ta saki muciya.

"Katin Baba? Bara ni da kaina na raka shi aka sabunta!"

Sai a sannan Tanimu ya gane dabarar tsohon, shi ma ya fashe da dariya.

Yau in ka bi ta Zogona za ka same shi kai cikin inji, ɗalibai suna "Tonton Tanimu, taimaka, gobe jarrabawa!" Farcen ya koma baƙi. Kowace Juma'a yakan tsaya wajen Alhaji ya sayi goro, su gaisa doguwar gaisuwa. Har yau ba wanda ya tayar da zancen kati a tsakaninsu.