Dutsen zoben Gwaggo

Na dawo gida bayan shekara tara ina bin ayari. Na zauna Agadas, na zauna Gat, na kai Tarabulus har na taɓa ruwan teku. Na iya Buzanci, na iya Larabcin kasuwa. Ƙauyenmu yana kusa da Kanan-Bakashe, kuma a lokacin babu wanda ya taɓa yin nisa kamar ni sai mijin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wanda ya je hajji ya dawo, ya rasu ina can wajen bin ayari. Saboda haka duk abin da ya shige wa mutane duhu, ni ake kawo wa. Ina jin daɗin haka ƙwarai.

Marigayin ya bar wa Gwaggo zoben azurfa mai ɗan farin dutse, irin wanda Larabawa ke kira almas. Wani attajiri da ya yi jinya a hanya ne ya ba shi. Kullum yakan ce nauyin dutsen ƙirati biyu ne. Ba wanda ya san mene ne ƙirati, amma kowa ya haddace maganar.

Kafin in dawo zoben ya tsage, Gwaggo ta kai wa maƙerin farin garinmu, wanda ke yi wa mata awarwaro da ƴan kunne. Sa'an mahaifina ne, Baba nake ce masa. Zobe ya kwana bakwai a maƙera. Da ya dawo, sai Gwaggo da matan gida suka ce dutsen ya ƙanƙance. Magana ta yi ta yawo a bakin rijiya, har mai gari ya ce a taru a gindin gawo bayan la'asar, a ba ni in duba.

Na san abu ɗaya tak. A Tarabulus na taɓa zama a rumfar wani mai sayar da duwatsu, ya nuna mini almas na ƙirati ɗaya, faɗinsa kamar ƙaramar ƙwayar wake. Ya ce ƙirati nauyi ne, nauyin ƙwayar wani itace nasu mai kama da kalwa. Har ya zuba mini ƴan ƙwayoyin a hannu, na jefa cikin zabira na manta.

Na karɓi zobe, na ɗaga shi wajen rana, na juya. Na daɗe ina juyawa don a ga ina dubawa.

"Na ga na ƙirati ɗaya da idona," na ce. "Wannan kaɗan ya ɗara shi. Da na ƙirati biyu ne, da faɗinsa ya kai wake biyu a jere. Ba shi ba ne."

Maƙeri ya ce, "Ɗana, ni ban san ƙirati ba. Abin da aka ba ni shi na mayar. Bakin azurfar na ƙara wa kauri don kada dutsen ya faɗi, shi ya sa ya shige ciki."

Sai na ba shi amsa da Larabci. Ban ma tuna abin da na ce ba. Na dai tuna an yi dariya, shi kuma ya dubi ƙasa.

Mai gari bai yanke hukunci ba, don babu shaida. Amma mata suka yanke nasu. Ɗaya bayan ɗaya suka aika a karɓo musu azurfarsu, wadda aka gama da wadda ba a gama ba. Kafin damina ta faɗi, Baba ya ɗora zugazugansa a kan jaki, ya kwashi iyalinsa ya yi arewa, Isawan.

Da kaka ta yi, wata rana da hantsi ina zaune kusa da kakata tana cura fura. Ta jera ƙananan curi a faifai, kansu ɗaya. Na ce ta haɗa mini biyu wuri guda, yunwa nake ji. Ta haɗa ta mulmula ta miƙo.

"Kaka, wannan ne biyu? Kin cuce ni."

"Kai, mijin banza! A gabanka na haɗa. Ko tekun ya ci maka ido?"

Na ajiye shi kusa da ƙaramin curi. Kaɗan ya ɗara shi faɗi.

"To ina sauran ya tafi?"

"Ya tafi Tarabulus," ta ce. "Ai ba gefe kaɗai yake ƙaruwa ba, angona. Yana yin sama, yana yin ciki."

Na ce ta ci gaba da ƙarawa har faɗin ya ninka. Tana mita tana ƙarawa. Uku, huɗu, shida. Sai da curi takwas suka shiga kafin ya kai faɗin biyu a jere.

"Furar gidan duka za ka shanye?" ta ce.

Ban sha ko kurɓi ɗaya ba. Na tashi na zazzage zabira, ga ƙwayoyin nan a ƙasa cikin ƙura. Ran taron gindin gawo ma zabirar tana rataye a kafaɗata.

Na faɗa wa Gwaggo, na ce ta ba ni zoben in kai a auna dutsen. Ta ce zoben nan ba zai sake barin hannunta ba, ƙafata ƙafarta. Muka tafi Tasawa, tana kan jaki ina ƙasa, wurin wani maƙeri mai ɗan mizanin auna zinariya. Ya buɗe bakin azurfa ya ciro dutsen. Ashe ƙarƙashinsa tsini ne mai zurfi, yawancin jikinsa a ɓoye yake cikin zoben. Ya sa shi gefe guda, na sa ƙwaya ɗaya a ɗaya gefen, dutse ya rinjaya. Na sa ta biyu. Mizani ya yi ɗan lilo ya tsaya daidai.

Gwaggo ba ta yi mini faɗa ba. Ta ƙulle dutsen a bakin zanenta, ta ce, "Ni na ce ya ƙanƙance, amma ni ban je ko'ina ba."

Na iske Baba a Isawan cikin wata bukka, yana gyara wa wata Buzuwa abin wuya. Ƙasar can ta fi tamu bushewa, aikin kuma kaɗan ne. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi labarin fura da mizani, da Hausa wannan karon. Bai daina aiki ba har na gama.

"Ni ai na sani," ya ce. "Ni ka zo ba labari? Nan mu nawa ne?"

"Mu biyu, Baba."

"A gindin gawo fa?"

Na koma na roƙi mai gari ya tara mutane. Lokacin girbi ne, rabin waɗanda suka zo na farko ma ba su zo ba. Na kawo fura a faifai na haɗa curi a gabansu, na ce na yi wa bawan Allah ƙazafi da jahilcina. Wani dattijo ya ce, "To wacce za mu ɗauka, ta rani ko ta kaka?" Aka yi dariya, na dubi ƙasa.

Baba bai dawo ba. Gwaggo ce ta hau jaki ta kai masa dutsen da zoben har Isawan, ta ce shi take so ya mayar. Ya mayar, da kaurin baki kamar na farko, ta sa a yatsa ta bi gida gida tana nunawa. Wasu mata suka koma aika masa azurfa ranar kasuwa. Wasu kuwa har suka mutu, in an ambace shi sai su ce ai dai an taɓa yin wata magana a kansa.