Bulus Ya Ci Biyu

Ban taɓa mantawa da ranar da aka yaye farin ƙyalle daga kan allon tarihin wasanni na kwalejinmu ba. Tun da ku ne za ku karɓi wannan kujera daga hannuna a zangon karatu mai zuwa, gara ku ji labarin daga bakina kafin ku tsince shi guntu-guntu a wurin mai shayi.

A lokacin ina cikin shekarata ta biyu a matsayin ƙaramar ma'aikaciyar ajiye bayanai a ofishin wasanni, nan Kafanchan. Aikin ba shi da wuya. Idan an tashi daga wasa, alƙali ya sa hannu a takardar wasa, kyaftin-kyaftin na ɓangarorin biyu su sa nasu, sai takardar ta iso gabana. Ni kuma in shigar da ita cikin rajista: da wa aka buga, ƙwallo nawa aka ci, wa ya ci. Nasara maki uku, canjaras maki ɗaya. Idan kakar wasa ta ƙare a haɗa makin, a fitar da teburin gasa, a ga wa ke sama wa ke ƙasa. Mutane suna ganin aikin a bushe yake, ni kuwa ina son sa. A wurina kowane layi na rajista yammaci guda ne da aka naɗe aka ajiye, da guminsa da ihunsa.

Dole in faɗa muku wani abu game da kaina, don a nan kuskuren ya samo asali. Ni 'yar garin nan ce, amma Hausa na karanta a jami'a, kuma na dawo gida da kunne mai tsini. Kun san yadda iyayenmu ke magana: harshenmu a gida, Hausa a kasuwa da coci, kuma a wannan Hausar "ya" guda ta ishi mace da namiji. Mahaifiyata takan ce maƙwabciyarmu ya zo, ni kuma in ce mata ta zo ake cewa. Sai ta dube ni ta ce, "To, ya zo ɗin dai, ko bai zo ba?" Mu yi dariya, amma a raina ina ganin na fi ta sani.

Ana tsakiyar damina shugaban sashenmu, Oga Chukwudi, ya kira ni ofishinsa. Shi haifaffen kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa ne, kuma yakan ce da bakinsa Hausarsa ta fi Ibonsa. Ya ce za a yi taron tsofaffin ɗalibai nan da mako shida, kuma hukumar kwaleji tana son manyan alluna biyu a zauren taro, ɗaya na ƙwallon maza, ɗaya na mata. Kowace kaka layi guda: shekara, matsayin da aka ƙare a teburi, da sunan kyaftin. Ni zan tattara, mai fenti ya rubuta.

Na shekarun baya-bayan nan suna cikin kwamfuta. Na da can kuwa suna cikin wani kwali a sito, littattafan rubutu irin na 'yan firamare, duk da hannun Baba Dogara, tsohon kocin da ya riƙe ƙungiyoyin biyu kafin ya yi ritaya ya koma noman citta a Madakiya. A bangon kowane littafi ya rubuta "Maza" ko "Mata". Guda ɗaya ne gara ta cinye bangonsa. Shekarar tana nan a kan shafuka, sama da shekara talatin baya, kuma a wannan shekarar babu wani littafi na maza, babu na mata, sai shi kaɗai.

Na buɗe na karanta. "Bulus ya ci biyu. Luka ya kama fenariti. Yakubu ya ji ciwo a gwiwa." Ban yi minti biyar ba na yanke hukunci. Sunaye na maza, nahawu na maza. Na bi jerin sakamakon da ido, na ga kaka ce da ba a ci su ko sau ɗaya ba, sun ƙare a saman teburin gasar kwalejoji. Na sa shi cikin fayil ɗin maza. A layin mata na wannan shekara na rubuta: "Babu bayani."

Da na kai wa Oga Chukwudi jerin, ya daɗe yana kallon wannan layi. Ya ce in hau mashin in je Madakiya, tsohon yana nan da ransa da hankalinsa. Na ce ba sai na je ba, rubutun a fili yake, har na yi masa ɗan bayani a kan yadda Hausa ke raba mace da namiji. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ni ce mai digirin. Gaskiyar ita ce ruwa ake yi kullum a makon, kuma ba na son taɓo ya ɓata min takalmi.

Saura mako biyu taron, wata dattijuwa ta shigo ofis tana ɗan jan ƙafar dama. Ta ce sunanta Misis Asabe Gambo, tsohuwar nas ce, daga Manchok ta zo don ta ji a coci an ce za a rubuta sunaye a allo. Na ba ta kujera. Ta ambaci daidai shekarar littafin nan mara bango, ta ce ita ce kyaftin ɗin mata.

"Shekaran nan, 'yata, ba a ci mu ko sau ɗaya ba," in ji ta. "Ko sau ɗaya."

Ta ce hotunan da take da su ruwa ya lalata tun shekarar da iska ta kwashe musu kwano. 'Ya'yanta biyar ba su taɓa yarda ba. Duk lokacin da ta ɗauko zancen sai su ce Mama ta fara labarin kofin duniya. Don haka ta kira su duka, da na Legas, da na Sabon Tasha, ta ce kowa ya ajiye abin da yake yi ya zo da 'ya'yansa ranar taron, su gani da idonsu.

Na rubuta "Asabe" a kwamfuta, ban samu ba. Na rubuta "Gambo", ban samu ba. Na lura cewa abin da take faɗa ya yi daidai da littafin nan mara bango, amma kun san abin da na gaya wa kaina? Na ce wataƙila maza ta riƙa kallo a wannan shekarar, tsufa kuma ya mayar mata da nasararsu tata. Har tausayinta na ji. Na ce mata cikin ladabi za mu duba, Mama. Ta yi godiya, ta sa min albarka, ta tafi. Tsawon zamanta idona yana kan kwamfuta. Ban tambaye ta sunan mahaifinta ba.

Ranar taron Asabar ce. An yi ruwa da asuba, sannan rana ta fito, tsaunukan Kagoro suka bayyana fes kamar an wanke su. Zauren ya cika. Shugaban kwaleji ya ja ƙyallen, aka yi tafi, mutane suka matso kowa yana neman shekararsa.

Na hango Misis Asabe cikin sabuwar atamfa, 'ya'ya da jikoki a bayanta kamar ana tafiya ɗaurin aure. Ta tsaya gaban allon mata, ta ɗora yatsa a sama, ta riƙa saukowa layi-layi. Da ta iso shekararta yatsan ya tsaya. Ta matso da fuska kusa ta sake karantawa.

Ƙaramin ɗanta ne ya fara dariya, ba da mugunta ba. "Mama, ina kofin? Ko an kai wanki?"

Sauran suka ɗauka, jikoki ma suka yi dariya ba su san abin da ake yi wa ba. Ita kuwa ta janye yatsanta daga allon. Ta taka a hankali zuwa allon maza, ta nemi shekarar, ta tsaya inda aka rubuta: na ɗaya, ba a ci su ba, kyaftin Bulus. Ta ɗora tafin hannunta duka a kan sunan. Babban ɗanta, wanda ya zo daga Legas, ya riƙe kafaɗarta ya ce wannan na maza ne, Mama, zo mu je a ci abinci. Da za su fita ta juyo, idonta ya haɗu da nawa, ta yi min murmushi. Da zagina ta yi, da ya fi min sauƙi.

Ko a lokacin ban gane ba. Sai da na koma gida da yamma, na tarar da mahaifiyata a ƙofa tana hira da maƙwabciya, na ji ta ce, "Ga Rahila ya dawo, ya gaji." Na buɗe baki zan gyara mata kamar kullum. Sai littafin nan mara bango ya faɗo min a rai: "Bulus ya ci biyu." Na zauna a kan dakali da jakata a cinya, na daɗe ban shiga ɗaki ba.

Ranar Litinin da safe na sa littafin a leda na hau mashin zuwa Madakiya. Tafiyar ba ta kai ko rabin abin da na yi zato ba. Na sami Baba Dogara a gefen gonar cittarsa, zaune a gindin mangwaro yana wasa fartanya. Na gaishe shi, na miƙa masa littafin, na tambaye shi wane ne Bulus.

"Bulus ai mace ne," in ji shi. "Asabe Bulus. Ƙafan hagunsa kamar guduma."

Ya yi min bayani cewa a zamaninsu da sunan uba ake kiran ɗalibai a aji, shi ma haka yake kiran su a fili, balle a shekarar Asabe uku gare shi a ƙungiya guda. Maza kuwa ba su buga gasa ba sam a wannan kakar, shi ya sa babu littafinsu. Sannan ya lasa yatsa ya riƙa juya shafuka har zuwa na ƙarshe, inda yake rubuta ƙananan abubuwan da suka faru a fili, shafukan da ni ban kai gare su ba don sakamako kawai nake nema. Ya nuna min wani layi ya ce in karanta da ƙarfi. Na karanta: "Luka ya fita minti goma, ya je ba yaro nono."

Ya yi dariya har da tari. "Ke 'yar boko, wane namiji ne kika taɓa gani yana ba da nono?"

Da na ba shi labarin abin da ya faru ranar Asabar, dariyar ta ɗauke. Ya rufe littafin ya ɗora a gwiwa. Bai yi min faɗa ba. Cewa kawai ya yi Madakiya ba nisa.

Na rubuta wa Oga Chukwudi takardar bayani, na ɗauki laifin. Ya ce na mu biyu ne, tun da shi ya sa hannu. Cikin mako guda mai fenti ya dawo ya goge layin daga allon maza ya rubuta shi a na mata, da cikakken suna: Asabe Bulus. Idan kuka shiga zauren ku duba allon maza da kyau, za ku ga wuri guda da fentinsa ya fi na sauran duhu.

Na ɗauki hoton sabon allon, aka wanke min shi a babbar takarda, na shiga ƙaramar bas zuwa Manchok. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta goge hannu a zani kafin ta karɓa. Ta daɗe tana kallo. Sai ta fara kiran 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya, daga gola har 'yan gaba, kamar mai karanta sunaye a coci. Ta ce Luka ta rasu shekarar da ta gabata, yaron da take fita ba wa nono yanzu yana da nasa 'ya'yan. Gwiwar da Yakubu ta ji ciwo ba ta taɓa warkewa ba.

Na roƙe ta gafara. Na ce in ta ba ni lambobin 'ya'yanta zan tura musu hoton yanzu-yanzu, da bayanin cewa kuskurena ne.

"Ka tura, 'yata, na gode," in ji ta. "Za su gani a waya. Ni dai na so su gani ina tsaye a gefen."

Ta ce tara su biyar a wuri guda ba abu ne da ake yi sau biyu ba, na gaba sai dai ranar da za su ɗauke ta a akwati zuwa coci. Ta faɗi haka tana ci gaba da ɓarar gyaɗa, ba kuka, ba fushi. Da zan tafi ta cika min leda da gyaɗar, ta rako ni har bakin hanya tana jan ƙafa. A nan ta tambaye ni, a hankali, me ya sa ran nan ban tambaye ta sunan babanta ba. Bas ta tsaya, na shiga da ledar gyaɗa a hannu, tambayar kuma har yau tana bina.

Abin da na koya ke nan a wannan aiki. Rajista ba ta magana da Hausar littafi, da bakin wanda ya rubuta ta take magana, kuma mutanenmu ba su yi wa kowa alkawarin za su rubuta tarihinsu da nahawun jami'a ba. Ku karanta kowane littafi har shafin ƙarshe. In wanda ya rubuta yana da rai, ku je ku same shi ko ana ruwa. In kuma wani ya shigo ofishin nan ya ce shi ya buga wasan, ku juya daga kwamfuta ku dube shi.

Littafin yana cikin aljihun teburin nan na ƙasa, na yi masa sabon bango, na rubuta "Mata" da manyan baƙaƙe. Na kuma kwafe shi cikin kwamfuta kalma da kalma yadda Baba Dogara ya bar shi. Wata rana ɗayanku zai buɗe ya ga "Bulus ya ci biyu", hannunsa ya yi ƙaiƙayin gyarawa. Don Allah ku bar shi haka.