Gudiya Mai Lambun Kango

Gudiya 'yar Aliero ce, kuma duk wanda ya ga tafin hannunta ya san a cikin albasa ta tashi. Aure ne ya kawo ta Jega, cikin wata unguwa da gidaje suka matse juna har babu inda akuya za ta juya. Mijinta direba ne, ya rasu a hatsari, ya bar mata ɗa guda, Imrana. Mace ce doguwa mai kaushin murya, ko gaishe ka ta yi sai ka ɗauka faɗa ne.

A bayan gidanta akwai wani kango da magada suka yi watsi da shi, ya zama juji, kuma matattarar samari masu shaye-shaye. Shekarar da abinci ya yi tsada har gidaje suka koma ɗora tukunya sau ɗaya, Gudiya ta nemi iznin mai unguwa, ta tara mata, suka kwashe sharar suka ƙone. Ta shuka alayyafo da sure da kuɓewa, ta dasa albasa, ta kewaye wurin da zogale. Da ganye ya kai, sai ta ce kowace Juma'a kowane gida ya kawo abin da ya samu, tsakin masara ne ko manja ko daddawa. A nan cikin lambun ake dama fate a babbar tukunya, ana saukowa daga masallaci a raba wa kowa.

Samarin ba su yafe ba. Babbansu, Yari, tsohon ɗan kabu-kabu ne da ƙwaya ta raba da babur. Suka sassare zogalen, ta sake dasawa. Suka kwarara baƙin mai a cikin albasa, ta kankare ƙasar ta zubar. Abin da ya fi ci mata rai shi ne Imrana yana cikinsu. Ta yi zagi, ta yi duka, ta hana shi tuwo, bai bari ba.

Wata Juma'a, maza na masallaci, fate na tafasa, mata da yara sun jeru da kwanoni, sai ga su sun shigo da gorori. Imrana na can baya, kansa a ƙasa.

"Tsohuwa, wurin ga namu na," in ji Yari. "Kwashe tarkacenki."

"In yunwa kaka ji, ɗauko kwano ka bi layi," ta ce masa. "In ba ka ji, hita."

Yari ya sa ƙafa ya hankaɗe tukunyar. Faten ya kwarara a kan ƙafafun Aliya, ƙaramar 'yar maƙwabciyarta da ke tsugune a gaba. Ihun yarinyar bai sauka ba Gudiya ta ɗaga muciya ta maka wa Yari a muƙamuƙi. Ya tofar da jini da haƙori, ya zaro adda daga cikin riga, ya kawo mata sara a ka. Ta tare da hannun dama, addar ta shiga har ƙashi. Ta durƙusa a cikin alayyafo, jini na bin gwiwar hannunta. Ya ɗaga zai ƙara, Imrana ya sheme shi da gora a ƙeya.

Daga nan wuri ya hargitse. Sauran suka yi kan Imrana, ɗaya ya soka masa wuƙa a kuiɓi. Mata suka jawo itace mai wuta daga murhu, suna dukan duk wanda suka samu. Maza suka ɓullo daga masallaci da bulo da sanduna. Samarin suka haura katanga, suka bar Yari a kwance. Aka rufe shi da duka har ƙafarsa ta karye, kuma da liman bai faɗa kansa ya kare shi ba, da a nan za a gama da shi. Lambun kuwa ya zama taɓo, ganye da fate da jini duk an tattake.

An ɗinke hannun Gudiya, amma yatsunta uku ba su sake motsi ba. Aliya ta warke da tabo har gwiwa. Imrana yana samun sauƙi ya gudu kudu don tsoron ramuwa, sai dai ya kira ta a waya jefi-jefi, ita kuma amsarta ba ta wuce "Ka dai yi salla." Magada da suka ji an zubar da jini a kangonsu, suka zo suka gine ƙofar.

Gudiya ta yi watanni ba ta fita. Sannan ta fara cika tsofaffin buhuna da ƙasa da taki a tsakar gida, tana shuka da hagu. Matan unguwa suka kwaikwaya, wasu a bokiti, wasu a fasasshen tulu. Tukunyar Juma'a ta dawo, ƙarama, a ƙofar gidan liman. Gudiya ba ta raba fate yanzu, ta ce ba za ta miƙa wa mutum abinci da hagu ba. Tabarma take shimfiɗawa a gefe ta zauna, hannun a lulluɓe cikin mayafi, tana yi wa masu rabon faɗa a kan sun cika ruwa.