Taku Ashirin a Gonar Indo Upe

Indo Upe ba ta taɓa riƙe bindiga ba sai da ta haura shekara hamsin. Mijinta, Ambo Tuo, ya rasu ya bar mata gonar koko a gefen tsaunin Soppeng, da bindigar iska mai madubin saiti, da kuregu waɗanda ba su san takaba ba. Kullum da safe sai ta tarar sun huda 'ya'yan koko sun shanye zaƙin.

Wata biyu tana harbi, ko jela ba ta samu ba. Har ta fara cewa idonta ne ya mutu.

Ranar kasuwa ta naɗe bindigar a zani ta kai wa Daeng Marola, tsoho mai gyaran keke, wanda maharban garin ke kai wa saiti.

"Daeng, ko dai ta lalace, ko ni ce na lalace."

Ya juya bindigar yana dariya. "Ke dai kin fi ta lafiya. Daga ina kike harbi?"

"Daga inda nake tsaye mana."

"To, mu je in ga inda kike tsayen."

Ya rufe rumfarsa, suka hau gona. Ta nuna masa kututturen da take fakewa, ya auna da ƙafa zuwa bishiyoyin: taku ashirin.

Ya ce, "Marigayi mijinki kan bishiyar kwakwa yake harbi, daga can nesa, ya saita ta a taku hamsin. A nan kusa, harsashi ta saman kansu yake wucewa. Fifita kawai kike musu."

Ya kafa kwali a taku ashirin, ya ɗiga gawayi a tsakiya. Bai harba ko sau ɗaya ba. Ita ya sa ta riƙa harbi, shi kuma yana murɗa madubin kaɗan-kaɗan, har huda uku suka haɗu a kan baƙin.

"Kada ki yi kwaɗayin nesa," in ji shi. "Wanda ya wuce nan, ki bar shi da rabonsa."

A kakar nan koko ya cika mata tabarmin shanya har ta aro na maƙwabta. Daeng Marola bai yarda ya karɓi komai ba, sai ta koma aika masa dafaffiyar ayaba da busasshen kifi duk Juma'a. Bayan rasuwarsa, matan da ke noma su kaɗai suka riƙa kawo mata bindigoginsu saiti. Takan sa su yi masa addu'a tukuna, sannan ta ɗauki kwali su tafi gona.