Makullin Ɗakin Kundaye

Har yau in na tuna ɗakin nan sai raina ya ɓaci. A ƙarshen baranda yake, bayan ofishin shugaban sashe, a jami'ar da na yi wa aikin laburare kafin in yi ritaya. A ciki ake tara kundayen da ɗalibai suka rubuta don kammala digiri, kowanne da baƙin bango, an buga sunan mai shi da ruwan zinari. Ɗalibi zai sha wahalar bincike, ya kai wa masu ɗinkin littafi a Jimeta, ya rungumo abinsa ya miƙa, shi ke nan kundi ya shiga kurkuku. Makulli yana aljihun shugaban sashe. In kana son karatu sai ka roƙe shi, in ya ga dama ya buɗe, ka zauna a gabansa ka karanta, ba kwafi ba ɗaukar hoto. Wai duk don kada a saci aikin mutane.

Aikin maƙwabciyata yana cikin waɗanda aka kulle. A Rumde muke zaune, katanga ɗaya ta raba mu. Ni 'yar cikin garin Yola ce, aure ya kawo ni Jimeta, ita kuma Kirista ce daga kudancin jiha, malamar sakandare. Ta girme ni, don haka Adda nake ce mata, yadda muke kiran yaya mace a gidanmu. A kan matan bakin kogi masu bandar kifi ta yi digirinta na biyu: wane itace suke ƙonawa, me ya sa kifin wata ke daɗewa na wata ƙwari su cinye shi. Ran Lahadi in ta taso daga coci ko zani ba ta canzawa, sai ta hau keke napep ta nufi bakin ruwa. Da yamma tun kafin ta yi sallama warin hayaƙi ya riga ta shigowa, in ce, "Adda, yau ke aka banda ko kifin?" Ta yi dariya ta ajiye mini ƙunshin da matan suka ba ta.

Bayan ta gama digirin, aka tura ni wani taron ma'aikatan laburare. A can na ga abin da ya hana ni zama lafiya. Jami'o'i ne suka haɗa kai suka yi rumbu ɗaya a intanet, da manhajar da ba mallakin kowa ba ce, kowa na iya amfani da ita ya kuma gyara ta. In aka saka kundi, zai fito da sunan mai shi da ranar da aka saka, kuma ana ajiye shi a wurare daban-daban, ta yadda in na'urar wata makaranta ta ƙone, ta wata na nan. Ba a nemi mu gina komai ba. Amincewarmu kawai ake so, sai mutum ɗaya da zai riƙa sakawa, ni kuwa a shirye nake.

Na dawo da zumuɗina na gabatar wa kwamitin laburare. Wani farfesa mai furfura, wanda shi ke shugabantar zaman, ya bar ni na gama tsaf, sannan ya cire tabarau.

"Hajiya, wato so kike mu kwashi guminmu mu zuba a titi, kowa ya zo ya ɗiba?"

"Ranka ya daɗe, ai abin da duniya ta gani da sunan mai shi, wa zai iya cewa nasa ne?"

"Ba ki san ɗaliban zamani ba," in ji shi. Wani daga gefe ya ƙara da cewa ba girmanmu ba ne mu haɗa rumbu da ƙananan makarantu, in za a yi, namu za mu yi na kanmu. Aka kafa ƙaramin kwamiti ya duba maganar, aka sha lemo aka watse. Ƙaramin kwamitin nan ban taɓa jin ya zauna ba.

Shekaru suka wuce. Yaran Adda suka tasa, ta ce bari ta nemi digirin dakta a wata jami'a a wajen jiha. Suka ce ta turo wani abu daga aikinta na baya, ta ɗauki babin da ta fi ji da shi ta tura. Su kuwa suna da na'urar da ke gwada rubutu da abin da ke intanet.

Ina tsintar shinkafa a tsakar gida ta shigo, ko gaisuwa babu, ta miƙo mini wayarta.

"Ƙanwata, karanta wannan. Wai ni ne ɓarawo."

Na karanta. Babinta ya yi daidai, kusan kalma da kalma, da wata maƙala da aka buga a wata mujallar intanet da sunan wani namiji. Na san sunan. Malami ne da ya taɓa koyarwa a sashen, ɗan gaban goshin shugaban sashe na wancan lokacin, wanda in oga zai yi tafiya shi yake bar wa makulli. Tuni ya koma wani gari da ƙarin girma. Ko hirar da ta yi da wata tsohuwa a yarensu bai cire ba, shi da ko gaisuwa bai iya ba da yaren.

"Ni ya zauna cikin hayaƙin nan," in ji ta da irin Hausarta. "Ni ya rubuta shi. Allah ya sani."

Allah ya sani, ni ma na sani, amma mutanen can hujja suke so. Malamin da ya duba aikinta ya rasu. Takardar shaidarta ta nuna ta yi digiri, ba ta nuna abin da ta rubuta ba. Tana da kwafinta a gida, amma ƙari ne da ta ɗinka wa kanta, ba hatimi ba sa hannu. Da ta ambata musu shi, suka ce ai kowa na iya zuwa wurin mai ɗinki a buga masa shekarar da yake so a bango. Abin haushin, gaskiya suka faɗa. Saura kwafin sashe, mai hatimi da sa hannun masu jarrabawa.

Muka je tare. Sabon shugaban sashe ya sa muka yi ta zarya kafin ya yarda, ya buɗe yana cewa, "Ai nan ba abin da ke ɓacewa." Ƙofar da ƙyar ta turu. Kundaye ne jibge a ƙasa, na ƙasan gara ta ci ta bar bango, na kusa da taga ruwan sama ya manne su sun zama dunƙule. Muka tsuguna, mata biyu masu jikoki a hanya, muna ɗagawa ɗaya bayan ɗaya muna atishawa. Mun ga na 'yan ajinsu, na wanda ke gabanta da na wanda ke bayanta. Nata babu. Shugaban ya ce wataƙila ba ta miƙa ba tun farko. Na ce, "To da me kuka ba ta digiri?" Ya duba agogo ya ce yana da lacca.

Jami'ar can ta rufe maganarta, a kan satar rubutu. Matar da in ta kama ɗalibi yana leƙen takardar wani sai ta yaga tasa a gaban aji! Labari kuma ya kai ɗakin malamai na makarantarsu, har wani ya mayar da shi abin raha.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai a zaman kwamiti na gaba ya faru. Na kawo labarin, ina ganin yanzu kam ido zai buɗe. Farfesan nan ya girgiza kai cikin jimami ya ce, "Kun gani ko? Kun ga abin da intanet ke jawowa. Da mun biye wa Hajiya, da duka an kwashe." Aka yi ta gyaɗa kai. Na miƙe na ce ɓarawon nan ba ta intanet ya shigo ba, ta ƙofa ya shigo, da makullinku a hannunsa. Aka ce in zauna, ba a yi wa manya ihu. A zaman aka amince a sa wa ɗakin ƙofar ƙarfe, a ƙara kwaɗo na biyu. Wannan kam ba a kafa masa ƙaramin kwamiti ba, cikin makon mai walda ya zo.

Bayan wasu kwanaki Adda ta shigo da kwafinta a cikin leda. Ta zauna a bakin tabarma ta fito da shi ta ɗora a cinyarta.

"Wannan rumbun da kike faɗa, ki sa mini shi ciki. Ko ban yi dakta ba, a ga sunana a kai."

Na ce mata jami'armu ba ta shiga ba, amma zan roƙi wata abokiyar aiki a makarantar da ta shiga. Fuskarta ta ɗan saki. Sai ta tambaye ni, in an saka, zai nuna shekarar da ta rubuta?

Na so in yi mata ƙarya, ban iya ba. Na ce shekarar za mu iya rubutawa, amma ranar da rumbun zai shaida ita ce ranar da aka saka.

"Wato nashi ya riga nawa."

"Ya riga, Adda."

Ta shafa bangon kundin. Sannan ta mayar da shi cikin ledar ta ƙulle bakin, ta ce bari ta je, ta bar tukunya a wuta.