Sunaye Ukun Baba Emeka

Cikin duk ranakun da na yi a aikin nan, wadda ta ƙi barin kaina ita ce ranar da Baba Emeka ya zo asibitinmu na Samaru. Ku sababbin ma'aikata kun san ni da surutu, har Sista Laraba, shugabarmu ta lokacin, takan ce in aka rufe ni a kabari sai na ba maƙwabta labari. To, wannan mutumin ya sa na yi shiru.

Tsoho ne mai gyaran keken ɗinki, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa. Daga Muchia ya tsallake asibitocin kusa da shi ya zo wurinmu, don kada 'yan unguwa su gan shi. Tari yake yi irin wanda ke girgiza kwanon rufi. Na ba shi 'yar roba mai murfi ya tofa kaki, muka aika gwaji, sakamako ya nuna tarin tibi.

Ga waɗanda ba su san ƙa'ida ba, abu biyu ake yi. Ana rubuta sunayen waɗanda mara lafiya ke kwana ko cin abinci da su, a je a gwada su. Sannan a sami mutum ɗaya da zai riƙa tsayawa a kansa kullum yana haɗiye magani har wata shida, domin wanda ya yanke a tsakiya, ciwon kan dawo da taurin kai.

Na ce, "Baba, yaya iyali?"

Ya ce, "Lafiya lau."

"Su wa kuke ci tare?"

Bai yi jinkiri ba ya ba ni sunaye uku: Ngozi, Sande da Malam Bulus. Na rubuta ina murna. A raina na ce mutumin da ke zaune a gidan haya mai ɗakuna kamar barikin soja ai ba zai rasa mai miƙa masa ruwa ba.

Kwana uku ina neman mutanen nan a kan mashin, ana zuba ruwan Agusta. Na zaga Sabon Gari har karnuka suka fara gaishe ni. A gidan hayar, ɗalibai ne da 'yan kasuwa, babu wanda ya san ko sunan guda. Sai da na je cocinsu wani dattijo ya karɓi takardar, ya duba, ya cire tabarau.

Ya ce, "Ngozi matarsa ce, mun binne ta da daɗewa. Sande ɗansa ne, ya tafi kudu, ko waya ba ya yi. Bulus kuwa amininsa ne, bara ya rasu."

Na koma na shaida wa Sista Laraba. Ta ce, "Ayuba, ba mai tsaya masa, ba zan ba shi magani ya tafi da shi gida ba. Sai dai ya riƙa zuwa kullum." Mutumin da in ya taka daga ƙofa zuwa titi sai ya huta sau biyu. Na ce, "Ranki ya daɗe, rubuta sunana."

Da na same shi a ɗakinsa na ce, "Baba, ka sa ni neman mutanen lahira da man fetur ɗina."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗana, ka tambaye ni da wa nake ci. Da su na saba ci. Ya zan bar maka takarda ba komai a kai?"

Daga nan kullum da sassafe, kafin in tafi aiki, sai in biya Muchia. Mashin ɗina ya haddace hanyar, ko barci nake zai kai ni. Ƙwayoyin da yaro zai haɗiye a minti ɗaya, Baba sai ya jera su a kan teburin keke, ya sha guda, ya ba ni tarihin jirgin ƙasa, ya sha guda, ya ba ni na Ngozi. Kujera biyu ce a ɗakin, ranar farko sai da ya kakkaɓe wa tawa ƙura.

Wata shida ya cika, gwajin ƙarshe ya fito ba ciwo. Na shiga ina rawa na ce, "Baba, ka warke, ka huta da ganin mummunar fuskata."

Ya daɗe yana kallon takardar sakamakon da na miƙa masa. Can sai ya ƙaƙalo wani ɗan tari, wanda ko kyanwa ba zai tayar ba. Ya ce, "A sake gwadawa, ɗana. Ina jin kamar da saura."

Na yi masa alkawarin zan riƙa leƙowa. Gaskiya sau biyu na je, aiki ya cinye ni.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, mutanenmu ba sa cewa ba su da kowa. Ko mutum shi kaɗai ne a duniya, iyali suna lafiya lau. Saboda haka kada ku tsaya a kan "su wa kake da su". Ku tambaye shi wa ya ɗebo masa ruwa jiya, sannan ku yi shiru ku jira amsa.