Garwashin Da Na Tara Wa Aminina A Ka

Edita, lokacin da wannan abu ya faru ni ƙaƙƙarfan manomin albasa ne a fadamar wajen Kebbe, mai kaifin baki da son tsokana. Karatuna bai wuce aji biyu ba, shi ma malamin ne ya roƙi ubana ya ɗauke ni don sauran yara su samu su koyi wani abu. Mu Kirista ba mu da yawa a nan, a wata 'yar majami'a a Tambuwal muke haɗuwa ran Lahadi, kowa ya san muryar tarin kowa. Ina da amini guda. Tare muka baro ƙauyenmu neman noman rani, tare muke waƙa, kuma in faɗi gaskiya, tare muke jiƙa maƙoshi da burkutu in mun je gida ganin dangi.

Sai aka zaɓe shi dattijon ikilisiya, nan take tsarki ya sauko masa. Ya kai sunana gaban dattawa cewa ina sha, bai ce da wa nake sha ba. Mutumin da ni nake riƙe masa ƙwarya! Aka sa ni ƙarƙashin horo, wato in koma bencin baya, ba waƙa a gaba, ba cin Jibin Ubangiji. Shi ne kuma mai zagayawa da gurasa, in ya iso layina sai ya ɗauke kai ya wuce. Na so in tona shi, amma wa zai saurari mai laifi a kan dattijo? Na yi tunanin sakar masa awaki a gona, na yi tunanin zuba masa yashi a injin ban ruwa, tsoron a kama ni kawai ya hana.

Daga wannan bencin ne na ji mai bishara yana wa'azi cewa wanda ya ciyar da maƙiyinsa, garwashin wuta yake tara masa a ka. Ban ji sauran bayanin ba, don zuciyata ta riga ta tashi rawa. Ashe akwai ramuwar da ba ta da zunubi! Ga shi mutumin nawa mai sanƙo ne, ba ko gashin da zai tare masa.

Tun daga ranar na hau shi da alheri ba sassauci. Albasa ta nuna, buhun farko gidansa. Babur ɗinsa ya mutu a hanyar Dogon Daji, ni na je na ɗauko shi. Injinsa ya lalace, na ba shi nawa, tawa gonar ta sha ƙishi. Kowane alheri na yi sai in koma gefe in ƙura wa ƙoƙon kansa ido. Ranar da zafi ya sale masa fatar kai, na dawo gida da murna ina ce wa matata an fara. Ta dube ni ta ce ita ba ta taɓa ganin mai kai kyauta yana cizon haƙora ba sai ni, in ji tsoron Allah. Na ce mata ai shi ya ba da dabarar.

Horona ya ƙare, shekaru suka shuɗe, ban fasa ba. Har a wa'azi ake ba da misali da haƙurina, ni kuwa in sunkuyar da kai kamar salihi. In na durƙusa addu'a, ƙorafi nake yi: na yi nawa, mi ya hana wutar kamawa, ko itacen ɗanye ne? Shi kuwa albasarsa ta fi tawa girma, 'ya'yansa sun yi aure lafiya.

Sai wata safiya aka ce ɓarin jikinsa ya shanye. Allah ya gafarta mini, da sauri na sa aka dama kunu, na tafi in gani da idona. Na same shi kwance, baki ya karkace. Ya damƙe hannuna da hannunsa mai lafiya yana ta ƙoƙarin magana. Matarsa, wadda ke gane abin da yake faɗi, ta ce wai tun buhun farko bai ƙara cin albasata da daɗi ba, sau da yawa ya so ya miƙe gaban jama'a ya ce tare muka sha, kunya ta hana shi, in yafe masa. To ga abin da na daɗe ina jira. Na tsaya jiran daɗin ya zo, bai zo ba. Sai na ga hannuna yana share masa miyau da gefen rigata, ni ban aike shi ba. Ya saba ne kawai. Ni na goya shi zuwa motar da za ta kai shi asibiti, ina kuka ina zaginsa, ina ce masa tsohon munafuki, ya kuskura ya mutu ya gani.

Da na faɗa wa mai bishara komi, ya yi dariya har ya shaƙe, sannan ya ce wutar kunya ake nufi, wadda ke kai mutum ga tuba. Ni na riƙa yi wa aminina wanka har Ubangiji ya kira shi, kuma a wannan jinya ne na fara yin addu'ar da ba ƙarar wani a cikinta.

Na koyi cewa Allah yana iya amfani da muguwar niyya ya horar da mutum, amma ba kyauta ba. Shekarun da ya kamata mu yi muna hira na kashe su ina gadin kan mutum, da muka shirya kuwa bakinsa ya riga ya tafi. 'Yan'uwa, ku riƙa jin wa'azi har ƙarshe, kuma kada ku ɗauki taurin kai ku sa masa suna haƙuri. In akwai wanda kake jiran faɗuwarsa, je ka same shi yau, ku yi faɗanku da baki tun yana iya mayar maka da amsa.